Binciken Kimiyya Kan Kurumtar Gado: Maganin Ƙwayar OTOF

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi wani bincike na baya-bayan nan wanda ya dawo wa wasu yaran da aka haifa kurame da jinsu. Batun ya shafi masana harshe, domin kuwa ta kunne yaro yake fara ɗaukar harshen uwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 430 ne ke da matsalar ji wadda ke bukatar kulawa.

2.0 Yadda Kunne Yake Ji

Idan sauti ya bugi dodon kunne, sai ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa motsin zuwa can ciki, inda wani ɓangare mai siffar dodon-koɗi yake. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi. Na jerin ciki, kimanin 3,500, su ne ke juya motsi ya zama saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin nan ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam idan sun mutu, alhali an tabbatar a 1988 cewa na tsuntsaye suna tsirowa.

3.0 Ƙwayar Gado Ta OTOF

A shekarar 1999, ayarin Christine Petit na Cibiyar Pasteur da ke Faransa ya gano ƙwayar gado mai suna OTOF. Ita ke samar da furotin ɗin da ƙwayoyin gashi ke amfani da shi wajen miƙa saƙo ga jijiya. Yaron da ya gaji gurɓatacciyar OTOF daga uwa da uba yana da ƙwayoyin gashi lafiyayyu, jijiyarsa ma lafiya lau. Abin da ya rasa shi ne ɗan aike a tsakaninsu. Wannan shi ya sa masana suka sa ran gyara zai yiwu.

Matsalar da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya ita ce girman ƙwayar. Bairos mara cutarwa da ake amfani da shi wajen ɗaukar ƙwayar gado ba ya iya ɗaukarta gaba ɗaya. Sai aka raba ta gida biyu, aka ɗora wa bairos biyu, su haɗe bayan sun shiga. A watan Janairun 2024, mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin da likitocin Jami'ar Fudan ta birnin Shanghai suka yi a ƙarƙashin Yilai Shu. Yara shida aka yi wa allurar a cikin kunne. Biyar daga cikinsu suka fara ji, har suna gane magana. An sami makamancin wannan sakamako a Amurka da Ingila.

Sai dai bai kamata a yi wa binciken mummunar fahimta ba. Kurumtar OTOF kaso kaɗan ce daga cikin kurumtar gado. A ƙasar Hausa, inda sanƙarau ke yin annoba kamar ta 1996, yara da dama ciwo ne ya kurmantar da su bayan haihuwa. Sanƙarau yakan lalata ƙwayoyin gashin ne, wani lokaci ma ƙashi ya cike gurbinsu, don haka babu abin da wannan allura za ta tarar ta gyara. Ga irin waɗannan yara, rigakafi da gwajin ji tun suna ƙanana da koyar da maganar hannu su ne abin dogaro.