Ƙafar mota: tsakanin filin tsere da lodin albasar Aliero

Idan kakar albasa ta kama a Aliero, ƙananan motoci ne ke fara shan wuya kafin tireloli su kwashi kaya zuwa Kudu. Tsofaffin Golf da Sharon da ragowar a-kori-kura ƙirar Fijo su ke jido buhuna daga gonaki da ƙauyuka, su hau titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Tambuwal da Aliero da Jega, ya gangara Maiyama da Koko har Yawuri. Babban buhun albasa kan kai kilo 100. Ita kuwa Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1991, nauyin da aka yanka mata, har da direba da fasinja, bai wuce rabin tan da 'yan kai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Jega ya san ba a nan lodi ke tsayawa ba. Shi ya sa motar da za ta shiga wannan sana'a sai ta fara kwana a gareji an ɗaga mata baya.

A Turai ma akwai masu kai tsofaffin motoci gareji a sake masu ƙafa, irin su Golf GTI da BMW E30 da Mazda MX-5 ta 1989, don su je filin tsere kamar Nurburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21. Kayan da suke taɓawa su ne namu kanikawa ke taɓawa, sai dai su ƙasa suke yi da motar, mu kuma sama.

Sifirin shi ne mai ɗaukar nauyi. Idan taya ta faɗa rami sai ya lotsa, ya shanye dukan, sannan ya mayar. Matsalarsa ita ce bai san tsayawa ba: da za a bar shi shi kaɗai, motar za ta yi ta tsalle har taya ta riƙa barin ƙasa. Shokozoba ce ke tsawata masa. A cikinta akwai mai da ake tilasta wa bi ta 'yan ƙananan hujoji, kuma wannan tirjiyar ce ke mayar da tsallen ya zama zafi ya fice. Shokozoba ba ta ɗaukar kaya, ko da yake direbobi da yawa haka suka ɗauka. An auna ta ne daidai ƙarfin sifirin ɗin da aka haɗa ta da shi, don haka canza ɗaya a bar ɗaya kamar ɗaura wa doki linzamin jaki ne.

Mai tsere da ya san abin da yake yi ba ya farawa da sifirin. Robobin bushin da suka shekara 30 yake fara cirewa, da boljoyin da tayarod masu girgiɗi, domin ƙafar da ke wasa ba ta karɓar saiti. Daga nan sai ya sa sifirin mai tauri tare da shokozobar da aka yi dominsa, ya rage tsayin motar da 'yan santimita. Dalilin sauke ta shi ne duk sanda mota ta sha kwana, nauyinta kan koma kan tayoyin waje, kuma gwargwadon yadda nauyin ke sama, gwargwadon yawan abin da ke komawa. Yakan ƙara kaurin sandar sitabalaiza, ya ɗan karkatar da kan tayoyi ciki da digiri 2 ko 3 don su kwanta sosai a kwana. Ya san kuma idan baya ya fi gaba tauri, gindin motar ne zai fara zamewa. Samarin da ke wasan mota a bukukuwan aure a Kano da Sakkwato wannan zamewar suke nema da gangan, kuma ina ganin mai buhu 10 a baya ba shi da buƙatarta ko kaɗan.

Amma ita yake saya ba da saninsa ba. A gareji, in a-kori-kura ce sai a ƙara falle ɗaya ko biyu a sifirin ɗin baya. In Golf ce ko Sharon, sai a nemo sifirin ɗin motar da ta fi ta girma, ko a yanko robar tsohuwar taya a cusa tsakanin murɗinsa. Shokozoba kuwa ta gwanjo ce, ko kuma wadda motar ta zo da ita daga Kwatano, wataƙila manta ya tsiyaye tun bara. Motar ta daina zama a kan tayoyinta, direba ya ce aiki ya yi kyau. Abin da aka samu shi ne baya mai tauri da tsayi, da kaya jibge har bisa rufi, da sifirin mai ƙarfi wanda babu mai riƙe shi. Idan ta juye kaya a kasuwar Jega ta kamo hanya ba komai, abin ya fi muni, domin bayan ba shi da nauyin da zai danne shi, kowace gargada ɗaga shi take yi.

Motar da ta fi dacewa da hanyoyinmu ba da tauri ta yi suna ba. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, shekarar da direban tsere Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka da 504. Ta sake ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Sirrinta ƙafa mai laushi da doguwar hanyar hawa da sauka, wadda ke barin taya manne da ƙasa ko a kan burji. Da Faransawa suka so ta ɗauki kaya, ba su cusa mata roba ba: wagon suka ba ta sifirin huɗu a baya, a-kori-kura kuma mai falle-falle. Ƙafar filin tsere, gajeriya mai tauri, kwalta mai santsi aka yi wa ita. A sa ta a hanyar gona da damina, tukunyar man inji za ta fara fashewa.

Sauran magana tana wajen birki da taya, waɗanda ƙarin sifirin bai ƙara masu komai ba. Idan nauyi ya ninka, zafin da birki zai shanye ya ninka. Idan gudu ne ya ninka, zafin ya zama ninki 4. Mai tsere kan canza takalmin birki da mansa kafin ya shiga fili, saboda tsohon mai yana shan danshi, ya tafasa, a taka birki a ji shi lagwaf. A gefen kowace taya kuma an rubuta iyakarta: lamba 82 na nufin kilo 475, lamba 88 kilo 560, lamba 91 kilo 615. Akwai wasu lambobi 4 da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, 2315 alal misali mako na 23 ne na 2015. Buhu 10 a bayan Golf, kusan duka a kan tayoyi biyu, da nauyin motar kanta, a kan kwaltar watan Afrilu, sun zarce abin da aka rubuta wa tayar mai lamba 82 tun tana sabuwa.