Masu Zanen Gawayi a Abijan

Kayan aikin ba su da yawa: takarda mai ɗan kaushi, siririn itace da aka ƙona ba tare da iska ta shiga ba har ya zama gawayi, tsumma, da magogi mai laushi da ake murzawa a hannu. Da waɗannan mai zane a Adjamé ko Treichville yake neman abincinsa. A kawo masa hoton mahaifi da ya rasu, ko na amarya, ya ƙara masa girma a takarda, a sa a firam a rataye a falo.

Gawayi ba ya kama takarda kamar tawada, kwanciya kawai yake yi. Yatsa ya shafa, inuwa ta fito. Magogi ya ɗauke, haske ya bayyana a goshi. Shi ya sa ake fesa masa ruwan ƙaro in an gama, don kada ya kakkaɓe.

Wuyar aikin tana ga sanin jiki. A makarantar zane ta INSAAC da ke Cocody, kamar sauran makarantun irinta, ɗalibi yana koyon ƙashi da tsoka, yadda kafaɗa ke ɗaukar wuya, yadda nauyi ke sauka a ƙafa ɗaya. A Turai mutum ne ke tuɓe kaya ya tsaya a gaban aji. Mu kam kunya da addini ba su bar mana wannan ba, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba. Sai dai wanda bai san kafaɗa ba, babbar rigar da ya zana ba za ta taɓa zama a jikin Alhaji ba, za ta tsaya ne kamar an rataye ta a ƙusa. Mai hankali sai ya tafi kasuwar Forum ta Adjamé ya zuba wa 'yan dako ido: baya a lanƙwashe, jijiyar wuya a miƙe, buhu a ka. Irin waɗannan mutane, ma'aikata da talakawa, Koloman Sokol na Sulobakiya (1902–2003) ya yi suna da zanawa, har ya je ya koyar a Meziko.

Birnin Abijan ma yana da nasa misalin. Aboudia, wanda aka haifa a 1983, ya ɗauko salonsa daga zanen da yara ke yi a bangon Treichville da Abobo, kuma zanensa na rikicin siyasar da aka yi a birnin a 2011 ne ya kai sunansa duniya.

Yau wayar hannu da injin buga hoto sun rage wa masu sana'ar ciniki sosai. Da yawa sun koma fenti, suna rubuta allon shaguna da ƙawata motocin haya da ake kira gbaka. Abin da ke damuna shi ne almajiri: yaron da ya fara da kwafar hoto daga waya zai iya fitar da kama, amma sa shi ya zana mutum yana tafiya ka ga inda hannunsa zai tsaya.