"Naƙasa" da "invalidité": kalma da ma'auninta

A Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, in an ce "naƙasa" ana nufin lahanin da ido ke gani: makanta, gurguntaka, kuturta. "Invalidité" ta takardun Faransanci kuwa lissafi ce. A CNSS, asusun ma'aikata da aka kafa a 1965, ba a ba da fanshon "invalidité" sai ma'aikaci ya yi shekara 5 da rajista, likita kuma ya tabbatar ya rasa kashi 2 cikin 3 na ƙarfin neman abincinsa. Ke nan gurgu mai aikin ofis ba ya shiga ma'aunin, amma direba mai ciwon zuciya yana iya shiga.

Haka matsalar take wajen kamfanonin inshora. Dokar CIMA, wadda ta fara aiki a 1995, ta ce a rubuta yarjejeniya cikin harshen hukuma. Wanda aka fassara masa "invalidité" da "naƙasa" kawai, ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba. A wannan giɓi kamfani marar amana ke fakewa ya ƙi biya. Muna ganin ya kamata tafinta ya ce "gazawar neman abinci", ya kuma faɗi adadin.