Yadda Ake Daidaita Gefen Saƙar Hannu: Jagora Ga Masu Koyo

Gabatarwa

Lokacin da yayata take da juna biyu, na yi mata alkawarin zan saƙa wa jaririn mayafin sanyi da hannuna. Na fara da ido 60 a kan kibiya. Bayan mako biyu na ƙirga, sai na tarar sun zama 67, gefe ɗaya ya buɗe, ɗayan kuma ya yi kamar haƙoran zarto. Na kai wa wata dattijuwa Bahaushiya maƙwabciyarmu, wadda a bakinta na fara jin Hausa tun ina ƙarama. Ko kallon tsakiyar saƙar ba ta yi ba. Yatsa kawai ta bi gefen da shi, ta ce, “’Yar nan, tsakiya kowa ya iya. A gefe ake gane mai saƙa.” Na ce, “Hajiya, to yaya zan yi?” Ta ce in warware duka. Abin da ta koya mini a ranar, da abin da na ƙara fahimta daga baya, shi ne zan kawo wa ’yan’uwana ɗalibai a wannan maƙala.

Kalmomin da Za Mu Yi Amfani da Su

Kalmar saƙa a Hausa tana da faɗi. Ta haɗa aikin masaƙi a kan masaƙa, da saƙar kwarashi mai ƙugiya ɗaya, da kuma saƙar kibiya biyu, wadda wasu ke kira saƙar tsinke. Wannan ta ƙarshen ita ce muke magana a kai. Sai mu masu koyon Hausa mu kula da lanƙwasar ƙ, domin saka daban, saƙa daban.

A nan, ido shi ne kowane zagayen zare da ke rataye a jikin kibiya, kamar dai yadda ake cewa idon raga. Layi kuwa shi ne a saƙe idanun duka daga wannan gefe zuwa wancan. Saƙa iri biyu ce tushen komai, kuma don sauƙin bayani na ba su suna. Ta farko ita ce saƙar fuska, wadda zare ke bayan aiki, idon kuma ya fito sumul kamar kitso. Ta biyu ita ce saƙar ƙeya, wadda zare ke gaban aiki, idon kuma ya fito da ɗan ƙulli. Duk idon da yake fuska ta gaba, in an juya shi ƙeya ne.

Me Ke Sa Gefe Ya Lalace?

Dalili na farko shi ne, idon da ke tsakiya yana da maƙwabci hagu da dama, suna riƙe da shi. Idon gefe kuwa maƙwabci ɗaya gare shi. Yayin da ake saƙa, ɗan rarar zaren da ke tsakanin idanu yana gangarawa daga wannan zuwa wancan, har ya taru a ido na ƙarshe, sai ya yi ɗangalgal. Abin yana ƙaruwa idan mai koyo yana ware kibiyoyin nesa da juna, domin hakan yana jan zaren da ke tsakaninsu.

Dalili na biyu shi ne wanda ya mayar mini da 60 zuwa 67. Idan aka gama layi aka juya aiki, sau da yawa mai koyo yakan ja zaren ta saman kibiya zuwa baya. Wannan jan yana ɗago idon layin ƙasa, sai ƙafafunsa biyu su hau kibiya su yi kamar idanu biyu. In aka saƙe su duka, an ƙara ido ɗaya ke nan ba tare da an sani ba. Maganinsa shi ne, da zarar an juya, a bar zaren ya sauka ƙasa, a tabbatar ido ɗaya ne a bakin kibiya, sannan a bi da zaren ta ƙarƙashi.

Hanya ta Farko: Jan Zare a Ido na Biyu

Yawancin masu koyo sukan finciki zare a ido na farko da niyyar matse shi, amma da sun ci gaba sai ya sake saki. Abin da ya fi shi ne a saƙa ido na farko kamar kullum, a soka kibiya a ido na biyu, sai a tsaya a ɗan ja zaren kafin a naɗa shi. Kibiyar da ke cikin ido na biyu ita za ta riƙe matsin. A kuma riƙa aiki kusa da bakin kibiyoyin. Wannan hanya ba ta canza kamannin gefe, tsuke shi kawai take yi.

Hanya ta Biyu: Gefen Sarƙa

Wannan ita ce Hajiya ta koya mini, kuma ita ta fi dacewa da abin da gefensa zai fito fili, kamar mayafin jariri ko abin naɗa wuya. Ga yadda ake yi a kowane layi:

1. A bar zare a gaban aiki.
2. A soka kibiyar dama cikin ido na farko daga dama zuwa hagu, kamar za a yi saƙar ƙeya.
3. A zame idon zuwa kibiyar dama ba tare da an naɗa zare ba, wato ba a saƙa shi.
4. In saƙar fuska ce ke biye, a mayar da zaren baya ta tsakanin kibiyoyin biyu, a ci gaba.
5. Ido na ƙarshe kullum a yi masa saƙar fuska.

Hikimar abin ita ce, idon gefe sau ɗaya ake saƙa shi a cikin layi biyu. Saboda haka dole ya miƙe ya kai tsawon layi biyu, rarar zaren nan da ke sa shi ɗangalgal sai ta shige cikin miƙewar. Abin da zai fito shi ne jerin idanu kwance kamar sarƙa. Ƙirga layi ma ya zo da sauƙi, domin kowane zoben sarƙa layi biyu ne. Sai dai a tsaya a kan tsari ɗaya daga farko har ƙarshe. In aka manta sau ɗaya, ƙulli zai fito a wurin. A kuma ƙara ido biyu a kan adadin da ake buƙata, ɗaya na kowane gefe, don kada gefen ya ci adon da ke ciki.

Hanya ta Uku: Iyaka Mai Hana Naɗewa

Idan ana yin layi ɗaya fuska, layi ɗaya ƙeya, saƙar takan fito sumul, amma gefenta yakan naɗe zuwa baya kamar tabarma. Wannan ɗabi’ar saƙar ce, ba kuskuren hannu ba, kuma gefen sarƙa kaɗai ba ya hana ta. Abin yi shi ne a ware ido 4 ko 5 a kowane gefe, a riƙa yi musu saƙar fuska a kowane layi, gaba da baya. Wannan iyaka tana kwanciya daram. Kada a dogara da guga, domin zaren ulun da ke kasuwanninmu galibi na roba ne, kuma dutsen guga mai zafi yana narkar da shi.

Inda Ba a Son Gefen Sarƙa

Idan rigar sanyi ake saƙawa, wadda za a haɗa gabanta da bayanta da ɗinki, gara a bar gefen sarƙa. Zobensa dogaye ne, don haka ɗinkin zai yi ramuka. A irin wannan aiki, a saƙa ido na farko da na ƙarshe kamar sauran, a yi amfani da hanya ta farko don tsuke su, tunda a cikin ɗinki za su ɓuya. Ke nan, kafin a ɗora ido ko ɗaya a kibiya, sai a tambayi kai: wannan gefen gani za a yi, ko ɗinkewa?

Kammalawa

Shawarata ga mai koyo ita ce kada ya fara da babban aiki kamar yadda na yi. Ya samo zare mai haske, domin a baƙin zare ba a ganin ido sosai, da kibiya mai kaurin milimita 4 ko 5. Ya ɗora ido 20, ya yi layi 20 da kowace hanya, yana ƙirga idanunsa a ƙarshen kowane layi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ni ma da na warware nawa na sake, ban gama ba sai bayan suna da kwana goma, amma da ido 62 na fara, da 62 na ƙare. Da na mayar wa Hajiya, ta sake bin gefen da yatsa har ƙasa, ta ninke mayafin ta ce in kai wa mai jego.