Daga Iddo zuwa Principe: Abin da ya kamata mai shirin nutso a teku ya sani kafin ya yanki tikiti

Duk wanda ya tsaya da sassafe a bakin Gadar Carter, wadda ta haɗa Iddo da tsibirin Legas, zai hangi kwale-kwale suna kai da kawowa a tafkin Legas, wasunsu maƙare da yashi har ruwa na neman shafar bakinsu. Mutane ne ke nutso da bokiti su ɗebo yashin nan daga ƙarƙashin ruwa, babu tukunyar iska a bayansu, babu tabarau a idonsu. Wannan shi ne nutson da Bahaushen Iddo da na Agege ya saba gani, sana'a ce ta neman abin kai wa bakin salati, mai cike da wahala.

Akwai kuma wani nutson na daban, wanda mutum ke biyan kuɗi ya goya tukunyar iska ya sauka ƙasan teku don kallon halittun Ubangiji. Masu sha'awarsa kan ambaci Maldibs ko Zanzibar ko Bahar Maliya. Kaɗan ne suka san cewa ɗaya daga cikin wuraren da ake zuwa dominsa maƙwabciyarmu ce ta ruwa, wato ƙasar Sao Tome da Principe da ke Mashigin Tekun Gini. Daga Iddo zuwa birnin Sao Tome, a miƙe, bai kai kilomita 800 ba. Tazarar Iddo zuwa Kano, wadda jirgin ƙasa ke ratsawa tun 1912, ta fi haka.

Sai dai wannan kusanci a taswira yake kawai. Ma'aikacin gwamnati da ke son kashe hutunsa a can, ko hadimin da maigidansa ya ɗora wa shirya tafiyar, ya kamata ya san cewa kuɗin tikiti shi ne mafi sauƙi a lissafin. Abin da ke raba wanda ya dawo da labari mai daɗi da wanda aka dawo da shi a kwance shi ne horo, da lafiyar jiki, da kwanakin da aka ware na ko-ta-kwana.

Maƙwabciyar da ba mu cika sani ba

Tsibirai biyu ne manya da wasu ƙanana, masu mutane dubu ɗari biyu da 'yan kai. Sun samu 'yanci daga Fotugal a ranar 12 ga Yulin 1975, harshen Fotugal kuma shi ne na hukuma. Alaƙarsu da Najeriya ba sabuwa ba ce. Daga Sao Tome jiragen agaji suka riƙa tashi da dare zuwa yankin Biyafara a lokacin Yaƙin Basasa. A 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar man fetur ta haɗin gwiwa a ruwan da ke tsakaninsu, inda Najeriya ke da kashi 60, Sao Tome kashi 40, hukumar da ke kula da yankin kuma a Abuja take. A Yulin 2003 sojoji suka yi wa Shugaba Fradique de Menezes juyin mulki yana halartar taro a Abuja, kuma Shugaba Olusegun Obasanjo ne ya raka shi gida bayan an sasanta.

Principe ita ce ƙaramar, mai nisan kimanin kilomita 150 daga babbar, mutanenta ba su kai dubu goma ba. A 2012 UNESCO ta sa ta cikin yankunan da ake killace halittunsu. Aman wuta ne ya haifar da tsibiran, don haka ƙasan ruwansu duwatsu ne da kogwanni da kifaye ke fakewa a ciki, kififfiya kuma na fitowa gaɓa ta yi ƙwai a kan lokacinta. A kudancin Sao Tome akwai ɗan tsibirin Rolas, wanda layin ikwaita ya ratsa.

Iya ruwa fid da kai

Babu kamfanin kirki da zai ba mutum tukunyar iska ya sake shi cikin teku ba tare da takardar shaidar horo ba. Matakin farko na ƙungiyar PADI, wadda ta fi yaɗuwa a duniya, yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu. Ana buƙatar ɗalibi ya yi ninƙaya ta mita 200, ya kuma iya zama a saman ruwa na minti goma, iyakar zurfin da takardar ta halatta masa kuwa mita 18 ne. Wanda bai iya ruwa ba, sai ya fara da wurin ninƙaya a Abuja watanni kafin tafiyar.

Ga dalilin wannan tsanani. A duk mita goma da mutum ya sauka, ruwa na ƙara masa nauyi daidai da na dukkan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Wannan matsi yana sa iskar naitirojin ta narke cikin jini da tsoka. Idan aka taso a hankali, numfashi na fitar da ita. Idan aka taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jiki kamar lemon kwalba da aka buɗe bayan an girgiza shi, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya dakata minti uku a zurfin mita biyar kafin ya fito, kuma kada ya taɓa riƙe numfashi yana tasowa, don iskar da ke huhunsa na kumbura.

Najeriya na da misalin da duniya ta sani. A Mayun 2013 jirgin ruwan Jascon 4 ya kife a tekun da ke gaɓar Jihar Delta. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu mai ragowar iska, a zurfin kimanin mita 30. Da masu nutso suka same shi, ba su fito da shi sarari kai-tsaye ba, domin hakan zai iya kashe shi. A wani ɗaki na musamman mai matsin iska aka ajiye shi na wasu kwanaki, ana rage matsin sannu a hankali. Irin wannan ɗaki shi ne maganin cutar, ba kuma kowane asibiti ke da shi ba. Don haka tambayar farko ga kowane kamfanin nutso ita ce: ina ɗaki mafi kusa, awa nawa za a yi kafin a isa, kuma akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a kwale-kwalen? Wanda ya yi inda-inda wajen amsa, a nemi waninsa.

A ga likita kafin a biya ko sisi. Mai cutar sikila ba a yarda ya yi wannan nutso ba, wanda kuma aka ce yana ɗauke da ƙwayarta ya faɗa wa likitan. Haka mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta haɗa da haɗarin nutso ba, sai an nemi wadda ta ambace shi ƙarara, har da kuɗin ɗaukar majinyaci a jirgi zuwa wata ƙasa.

Takardu da guzuri

Sao Tome da Principe ba ta cikin ECOWAS, don haka sassaucin da aka saba da shi a iyakar Seme ko filin jirgin Akara bai shafe ta ba. A kammala batun biza tun daga gida, a riƙe katin rigakafin cutar shawara, a kuma yi tanadin maganin zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikaci ya nemi izinin fita waje a rubuce daga ma'aikatarsa, ya kuma tuna cewa fasfon aiki ba na yawon hutu ba ne. Kuɗin ƙasar, dobra, an ɗaure darajarsa da Yuro, don haka Yuro a hannu ya fi amfani, musamman a Principe inda dogaro da katin banki ganganci ne. Abin da ya haura Dala 10,000 wajibi ne a bayyana wa Kwastam a filin jirgi. Musulmi ba zai rasa abinci ba, kifi ya wadata, amma ana cin alade, sai a riƙa tambaya.

Lissafin kwanaki

A nan ne hadimai suka fi yin kuskure, domin sun saba tsara tafiyar ofis: a sauka da safe, a yi taro, a juyo da yamma. Matafiyi daga Legas yakan yada zango a wani birni kamar Akara, Lome ko Libarbil, jiragen kuma ba kullum suke tashi ba. Daga Sao Tome zuwa Principe ƙaramin jirgi ne mai 'yan kujeru, tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma kaya na da iyaka, yanayi kuma na iya hana tashi. Hanyar ruwa ba abin wasa ba ce: a Afrilun 2019 wani jirgin fasinja ya kife dab da Principe, aka yi asarar rayuka.

Sannan akwai ƙa'idar da ba ta san girman muƙami ba. Bayan nutso ɗaya, sai an jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama; bayan nutson kwanaki a jere, aƙalla awa 18, masana da dama ma na cewa a cika yini guda. Matsin iska a cikin jirgi bai kai na ƙasa ba, ragowar naitirojin na iya yin kumfa ana sararin sama. Idan aka kira maigida daga Abuja cewa gobe da safe ana nemansa, alhali ɗazu ya fito daga ruwa, aikin hadimi ne ya ce ba zai yiwu ba.

Game da yanayi, rani a can daga Yuni ne zuwa Satumba, akwai kuma ɗan sassaucin ruwan sama a farkon shekara. A guji haɗa nutso da azumi, domin ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin.

Lissafin da ya dace shi ne kwana biyu na zuwa, huɗu na horo ga sabon shiga, biyu ko uku na nutso, yini guda na hutawa a tudu, biyu na dawowa, da ƙarin biyu na ko-ta-kwana. Kusan mako biyu ke nan, wanda hutun shekara na babban ma'aikaci zai ɗauka ba tare da matsi ba. Wanda kwana biyar kawai ya samu, ya fi masa alheri ya sauka Legas, ya hau kwale-kwale zuwa gaɓar Tarkwa Bay da rigar kariya a jikinsa, ya fara sabawa da igiyar ruwa, ya bar Principe sai baɗi.