Kadarar Mai Sayar da Kek a Kasuwar Yelwa

Dukiyar mai sayar da kek a kasuwar Yelwa ta Yawuri iri biyu ce. Fulawa da sukari da ƙwai, yau a saya gobe su ƙare. Amma tanderu da rumfa da akwatin gilashi kadara ce zaunanniya, wadda akan mora shekara da shekaru. To, ku lura, a littafin lissafi ba a ɗora kuɗin tanderu duka a kan shekarar da aka saye shi. A ce Naira 200,000 aka saya, zai kuma yi shekara biyar, sai a riƙa cire Naira 40,000 daga ribar kowace shekara, kuɗin tsufansa ke nan. Wanda bai cire ba, ran da tanderun ya mutu zai tarar ya cinye kuɗin sabo tun tuni.