Tankin Mota Da Tsawon Tafiya: Jan Hankali Ga Masu Motocin Shiga Masu Ƙarfin Inji

Sau da yawa matafiyi yakan iske ƙasaitacciyar mota a gefen hanya tsakanin Hong da Gombi, maigida yana tsaye riƙe da galan, iyali suna zaune a inuwar itace. Ba lalacewa motar ta yi ba, mai ne ya ƙare mata. An shirya wannan bayani domin jama'ar Digil da kewaye, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, musamman waɗanda suka mallaki motocin shiga masu manyan injuna ko suke tuƙa su, don kowa ya san iyakar tafiyar da tankinsa zai kai shi kafin ya ɗauki hanya.

Girman tanki da shan mai

Abubuwa biyu ne suke yanke nisan da mota za ta yi da tanki guda. Na farko, yawan litar da tankin yake ci. Na biyu, yawan litar da injin yake sha a kowace kilomita 100. Mutane da yawa sukan duba na farko su manta da na biyu, nan kuwa kuskuren yake.

Dattawa za su tuna da Peugeot 504, wadda aka haɗa shekara da shekaru a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Injinta silinda huɗu ne, tankinta kuwa lita 56. To, a kwatanta ta da BMW M5 da aka ƙera daga 2005 zuwa 2010. Wannan tana da silinda goma da ƙarfin doki fiye da 500, amma tankinta lita 70 ne kacal. M5 da ta fito a 2017, mai silinda takwas da ƙarfin doki 600, tankinta lita 68 ne. Ke nan ƙarfin inji ya ninka sau biyar ko fiye, tanki kuwa ko kashi ɗaya cikin uku bai ƙaru da shi ba.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Tankin motar shiga yana ƙarƙashin kujerar baya, inda ya fi tsira idan aka yi karo, wurin kuwa ba shi da yalwa, ga sandar da take juya ƙafafun baya da bututun hayaƙi duk ta nan suke bi. Haka kuma mai yana da nauyi, kowace lita ta kai kimanin kashi uku cikin huɗu na kilo, masu ƙera motar gudu kuwa ba abin da suke ƙi kamar nauyi. Ban da wannan, an ƙera motocin ne don ƙasashe irin su Jamus, inda gidajen mai suke kusa da juna, dare da rana. Halin hanyoyinmu dabam ne.

Lissafin hanyar Yola

Daga Mubi zuwa Yola, ta Mararraba da Hong da Gombi da Song da Girei, kimanin kilomita 200 ne. Zuwa da dawowa ke nan kimanin 400.

Kamfanin da ya ƙera waccan M5 mai silinda goma ya ce tana shan kusan lita 15 a kilomita 100. A raba 70 da 15, a ninka da 100, za a sami kilomita 466. A takarda ta isa zuwa Yola da dawowa. Amma direba mai hankali ba ya shanye tanki ƙarƙaf. Idan aka ware rubu'in tanki don ko-ta-kwana, lita 52 ce ta rage, wato tafiyar kilomita 350. Idan kuma aka cika mota da mutane da kaya, aka kunna na'urar sanyaya iska, aka yi ta taka totur har shan ya kai lita 18, to nisan ya koma kilomita 290. Wanda ya tashi daga Digil da tanki cike, ya ƙi shan mai a Jimeta, yana iya tsayawa a daji tun bai iso gida ba a hanyar dawowa.

A ɗauki kuma ƙaramar mota mai tankin lita 50, a ce tana shan lita 8. Bayan an ware rubu'i, lita 37 za ta kai ta kilomita 460. Tankinta ya fi ƙanƙanta, amma ta fi nisan zango. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yadda za ka auna motarka

Adadin da kamfani ya rubuta an same shi ne a wurin gwaji, da sabuwar mota. Taka motar ta tsufa, kuma hanyar da kake bi tana da ramuka da hawa da gangara. Saboda haka ka auna da kanka:

1. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka rubuta adadin da malejin mota ya nuna.

2. Ka yi tafiyarka yadda ka saba, har a sami kilomita 200 ko 300.

3. Ka sake cika tanki, ka rubuta litar da ya ci.

4. Ka raba litar da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Misali, lita 45 a kilomita 300 ta zama lita 15 a kowace 100.

A lura, yawancin motocin da ake shigowa da su daga Amurka da mil suke lissafi, littafinsu kuma da galan. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, alhali galan ɗin Ingila da iyayenmu suka saba da shi lita 4.5 ne. Wanda ya karanta galan 18 a littafin motar Amurka, lita 68 ake nufi, ba 81 ba.

Abubuwan da suke cinye mai

Babbansu shi ne gudu. Iska tana tokare mota, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tokarewar takan ninka sau huɗu. Shi ya sa motar da take tafiya lafiya lau a kilomita 80 cikin sa'a take komawa kamar rariya a 150. Dokokin hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take tsarewa sun ƙayyade wa motar shiga kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Wanda ya bi wannan ya tsare ransa, ya kuma tsare aljihunsa.

Sauran su ne fizgar mota da taka burki a kai a kai, da barin inji yana aiki mota tana tsaye, da tayar da ba ta da isasshiyar iska, da kaya a bisa rufi, da tsofaffin fulogai, da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. A lokacin bazara, cikin watannin Maris da Afrilu, na'urar sanyaya iska takan yi aiki ba hutu, ita ma daga tanki take ci.

Akwai kuma ingancin man. Injunan irin waɗannan motoci suna matse mai ƙwarai, don haka masu ƙera su sukan nemi mai mai lambar okten 95 ko 98. Idan aka ba su wanda bai kai ba, kwamfutar injin takan rage masa ƙarfi don ta kāre shi, shan mai kuma ya ƙaru. Gurɓataccen mai ya fi wannan muni. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan, ya lalata injuna da dama, ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai.

Illar barin tanki ya bushe

A motocin zamani famfon mai yana cikin tanki, man da yake kewaye da shi ne yake sanyaya shi. Direban da ya saba yawo da jar fitila a kunne yana gasa famfonsa ne, idan kuma man ya yi ƙasa ƙwarai famfon yakan zuƙi iska, inji ya yi ta shaƙewa. Inji kuwa idan ya mutu ana cikin gudu, sitiyari da burki sukan yi tauri, wannan kuma haɗari ne babba a kwana ko a gangara.

Kada kuma a zarce wajen cikawa. Idan famfo ya katse, a bari. Fetur yana kumbura da zafi, an bar masa sarari a cikin tanki da gangan. Girgiza mota don a ƙara ɗura mai ɓarna ce.

Halin da yankinmu yake ciki

Man da ake sha a Mubi daga nesa tankoki suke kawo shi, saboda haka ƙarancinsa yakan fara tsananta a nan, ya kuma daɗe bai yaye ba. Kusancin iyakar Kamaru ma ya sha jawo matakan hana fasa-ƙwauri. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen da suke cikin kilomita 20 daga iyakokin ƙasa. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a arewa maso gabas cikin 'yan kwanaki. Tun daga lokacin lissafin lita ya zama wajibi ga kowane mai mota.

Wanda mai ya yanke masa a hanya, 'yan bumburutu ne madogararsa, ba shi kuwa da hanyar sanin abin da yake cikin galan. Ajiye jarkar fetur a cikin but ba magani ba ne, domin tururinsa yana kamawa da ɗan tartsatsi. Idan ana zargin wani gidan mai da tauye mudu ko gurɓata mai, sai a kai ƙara ofishin hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da gidajen mai.

Kafin ka tashi

Ka san litar tankinka da shan injinka. Ka cika tanki tun daren jiya ko da sassafe. Ka tsara garin da za ka sha mai, ka kuma sha da zarar allura ta sauko rabi idan tafiyar mai nisa ce. Kada ka bar Jimeta da yamma da rubu'in tanki kana sa ran samu a gaba. Mai shirin sayen mota kuma ya tambayi shanta kafin ya tambayi gudunta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah ya kiyaye hanya, ya sada kowa da iyalinsa lafiya.